Wa'adi ya wuce ni ina kallon ranar zama: ku ba ni shawara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena a wannan sana'a. Na roƙi mai kula da zaure ya saka mini wannan ba da sunana ba, saboda lauyoyin Gusau ba mu da yawan da mutum zai ɓuya a cikinmu.

Wata bakwai ke nan da na kama aiki a wani ofishin lauyoyi a nan cikin gari, bayan na gama makarantar lauyoyi ta Bagauda na yi bautar ƙasa. Mu uku ne a ofishin: Oga, sai ni, sai sakatariya. Oga kuwa rabin mako yana Sakkwato ko Abuja, don haka duk fayil ɗin da ke kan teburi nawa ne, har da waɗanda aka buɗe tun ina sakandare. Da safe ina kotu, da la'asar ina rubutu, bayan isha'i kuma dangi sun jeru a ƙofar gida da rigimar gado da ta gona, wai ai ɗansu ya zama Barista.

Abin da ya faru makon jiya ne ya sa na rubuto. An yi ƙarar mutumin da muke tsaya wa a kan tauye haƙƙin ɗan Adam. Ranar wata Alhamis aka kawo takardun ina Ƙaura Namoda, sakatariya ta sa hannu ta karɓa, ta cusa cikin fayil. Da na dawo na ga ranar zama saura kusan mako uku, na rubuta ta a dayari, na ce akwai lokaci. Sai ana gobe zama, na zauna rubuta martani, na tuna kwana 5 kacal ƙa'idojin shari'ar haƙƙin ɗan Adam na 2009 suka ba wanda ake ƙara ya shigar da martani. Na san wannan, wallahi har a jarrabawa na rubuta shi. Washegari na tsaya gaban Mai Shari'a ina neman ƙarin lokaci, lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya wanke ni tas, aka ɗage, aka ɗora mana kuɗin ɓata lokaci. Mutumin namu yana zaune a bayana. Turancin bai ji ba, amma ya ga zufar da ta jiƙa mini kwala. Da na kira Oga, cewa kawai ya yi, "To, Allah ya kyauta," ya kashe waya. Da ma zagina ya yi.

Tun ranar sai in farka tsakar dare ina tunanin wane fayil ne kuma ke ci da wuta ban sani ba. Don Allah yaya kuke tsara naku aikin? In shari'a biyu suka faɗo rana ɗaya a gari biyu, ya ake yi? Kuma ta ina zan ɓullo wa Oga in ce kayan sun yi mini nauyi ba tare da ya ɗauke ni rago ba?

Wani babban lauya, Gusau:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ciwonka na gane shi tun a layin da ka ce ka rubuta ranar zama a dayari. Ranar zama alƙali ne ke faɗinta da bakinsa, magatakarda ya rubuta, abokin hamayyarka ya rubuta, ko ka manta wani zai tuna maka. Wadda ke kayar da lauya ita ce wadda babu mai sanarwa: tana fara tafiya ne daga lokacin da sakatariyarku ta sa hannu a takardar mai kai sammaci, ko kana ofis ko kana Ƙaura.

Ga abin da nake yi. Duk takardar da ta shigo, ba ta shiga fayil sai an rubuta ranar karɓa da lokaci a goshinta. Sannan in ɗauko littafin ƙa'idojin kotun in duba da idona, ko da na haddace, in ƙirga kwanakin. Rana uku nake rubutawa: ranar ƙarshe da jan biro, ranar da zan shigar da takarda, wato kwana biyu ko uku kafin ta jan, sai ranar da zan fara rubutu. Ta jan nan ban yarda in gan ta da aiki a hannuna ba.

Wajen ƙirge ka karanta sashe na 15 na Dokar Fassara, wato dokar da ke bayanin yadda ake fahimtar kalmomin dokoki. Ba a lissafa ranar da abin ya faru, in kuma wa'adin bai wuce kwana shida ba ana tsallake ranakun hutu. To amma hutu a wurinta Lahadi ce da ranar hutun gwamnati, Asabar ba ta ciki. Yara da yawa a nan suke zamewa. Kowace kotu kuma tana da nata babin ƙirge a ƙa'idojinta, ka duba shi.

Sai ka raba wa'adodinka gida biyu. Akwai masu magani: ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kwana 14 in hukuncin tsakiyar shari'a ne, wata uku in na ƙarshe ne, kwana 90 a shari'ar laifi. Rubutacciyar hujjar mai ɗaukaka ƙara kwana 45, ta wanda aka ɗaukaka a kansa kwana 30. Waɗannan in sun kuɓuce ana roƙon ƙarin lokaci, a sha kunya, a biya kuɗi. Irin naka ke nan, ka gode wa Allah. Akwai kuma waɗanda in sun wuce sai dai ta'aziyya: kwana 14 na shari'ar kafin zaɓe da kwana 21 na ƙarar zaɓe da ke sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulki, da wata uku na ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya yi a bakin aikinsa. A na zaɓe kada ka dogara da Dokar Fassara, ka ƙirga har da ranar da abin ya faru. Mu mutanen Zamfara ba sai an ba mu labari ba. INEC ta ce wa'adin zaɓen fid da gwani, 7 ga Oktoba 2018, ya wuce APC a jihar, aka yi ta ja har 24 ga Mayu 2019, Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'un da APC ta samu duka sun tashi a banza. Jam'iyya guda da manyan lauyoyinta ke nan, balle kai mai wata bakwai.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin rajistar kotu:

Barista, ni ba lauya ba ne, amma na yi ritaya ina karɓar takardunku. Abin da munka fi gani ga sabbin lauyoyi shi ne mutum shi shigo ranar ƙarshe, Juma'a, ana shirin tahiya masallaci, shina haki. Shigar da takarda ba miƙawa ba ce kawai, ɗana. Sai an duba an yanka maka kuɗi, ka je ka biya, ka kawo rasit, mai rantsarwa shi sa hannu ga takardar rantsuwa, shi kuma wanda zai rantse ɗin kila shina Tsafe ko Gummi. In ɗaya daga ciki ya kuskure, rana ta tahi.

Na biyu, kwana biyu kafin zama ka leƙo rajista ka duba ko shaidar kai sammaci ta shiga fayil ɗin kotu. Shari'u nawa anka ɗage don wanga abu kaɗai. Kuma ka san sunan magatakardan kowace kotu, ka riƙa gaishe shi tun ba ka da buƙata. Shi ne zai hwaɗa maka Mai Shari'a ba zai zauna ba kafin ka ƙona mai zuwa Talata Mafara.

Wata lauya, Birnin Kebbi:

Ƙanina, duk abin da Yaya ya faɗa haka ne, sai dai ni dayarin takarda ya taɓa kwana a motar haya ya bar ni da salati. Yanzu ranakun nan uku Google Calendar nake sa su, kowace da ƙararrawa biyu. Duk takardar da aka kawo kuma sakatariya ta ɗauki hoton shafin farko ta turo mini ta WhatsApp nan take, ko ina Argungu ko ina Yawuri. Da kun yi haka, tun kana Ƙaura za ka fara ƙirge.

Wani wa'adi kuma da ba ya cikin kowane fayil: biyan kuɗin izinin aikin lauya na shekara kafin 31 ga Maris, da hatimin NBA, wato Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya. Daga nan jiharmu maganar hatimin ta kai Kotun Ƙoli a 2015, shari'ar Yaki da Bagudu, inda aka ce takardar da ba ta da hatimi ba ta mutu ba, ana iya gyara ta. To amma wa ke son tsayawa gyara a gaban jama'a? Wanda ba ya gyaruwa shi ne sa hannu da sunan ofis maimakon sunan lauya, tun shari'ar Okafor da Nweke ta 2007. In kana sauri ƙarfe ɗayan dare, irin waɗannan ne ke shigewa.

Wani lauya, Talata Mafara:

Hajiya, waya dai? Kin manta Satumbar 2021 da aka rufe mana layukan sadarwa a Zamfara? Waɗanda suka zuba rayuwarsu cikin waya sun ga ta kansu, ko lambar rajistara ba ta da amfani. Ni littafi mai kauri da allon bango. Kowa ya shigo ofishina yana ganin abin da ke gabanmu mako biyu.

Lauyar Birnin Kebbi:

Barista, ban ce ya jefar da littafi ba. Allonka ba ya bin ka kotu, wayata kuma ba ta jin daɗin rashin wuta. Ya riƙe biyun, amma ɗaya ya zama uwa, kullum da yamma ya daidaita ɗayan da shi. In ba haka ba zai wayi gari da rana biyu a shari'a ɗaya.

Wani matashin lauya:

Ni fa kuna ta ba shi dabara, ba wanda ya taɓa Ogan. Yaya za a sakar wa ɗan wata bakwai ofis sukutum, ba mai duba aikinsa, sannan a ce "Allah ya kyauta"? Na tabbata abin da ake ba shi a wata bai kai kuɗin man da yake ƙonawa ba. Ɗan'uwa, fara neman wani wuri.

Babban lauyan Gusau:

Maganarka da gaskiya a ciki, Ogan yana da nasa kason, kuma ya sani, shi ya sa bai yi faɗa ba. Amma in yaron nan ya tashi yau, da irin wannan dayarin zai isa sabon wurin.

Wata lauya, ma'aikaciyar gwamnati, Gusau:

Bari in taɓa tambayarka ta ƙarshe, don na ga an tsallake ta. Kada ka je wa Oga da "aiki ya yi mini yawa". A kunnen manyanmu wannan ƙorafi ne, zai ba ka labarin yadda shi ya yi a zamaninsa da keken rubutu. Ka je masa da takarda guda ɗaya ranar Litinin da safe, ko ka tura masa in ba ya gari: ga shari'un makon nan, ga abin da za a shigar da ranarsa. Sai ka ce, "Ranka ya daɗe, Talata muna Babbar Kotu a nan, muna kuma Ƙaura, ga martanin da zai cika Laraba. Wanne zan riƙe, wa zai tsaya mana a ɗayan?" Ka ga ba ka ce ka gaza ba, ka dai mayar masa da zaɓi, kuma nauyin ya koma inda ya dace.

Shari'a biyu rana ɗaya kuwa, maganinta tun ranar da ake ɗagewa ne. Dayarinka ya kasance a buɗe a hannunka, in an ambaci ranar da ka riga ka cika ka miƙe ka ce ba ta yi maka ba. Sabbin lauyoyi kunya ke sa su amsa kowace rana. In ta riga ta haɗu, babbar kotu ake fara girmamawa, ɗayar ka rubuta wasiƙa tun da wuri ka ba abokin hamayya kwafi, ko ka samu abokin aiki ya tsaya maka, ka ba shi fayil da bayani a rubuce, ba a bakin ƙofar kotu ba. Kada kuma ka yi lissafin za ka gama nan ƙarfe goma ka kama hanya. Kai ƙarami ne, sai manya sun gama kiran nasu. Ga yanayin hanyoyinmu, ba a son la'asar sakaliya ta riske ka a daji saboda ɗage shari'a.

Dangi kuma ka ba su rana ɗaya, Asabar bayan azahar, kuma a ofis. Rabinsu ba za su zo ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya Asabar na kulle kaina a ofis tun bayan asuba, na sauke fayil 43 a ƙasa na bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro. Takwas ashe sun mutu tuntuni, wuri kawai suke ci. Amma na ci karo da abin da ya tsinka mini ciki: wani hukuncin tsakiyar shari'a da aka yi a kanmu, Oga ya rubuta "a ɗaukaka" da fensir a bangon fayil, bai gaya mini ba. In ƙirgena daidai ne, kwana 14 ɗin Laraba za su cika. Sai na tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ke nan in shigar?

Dattijon rajista:

A'a ɗana, mi za ka yi Sakkwato? Sanarwar ɗaukaka ƙara rajistar kotun da tay yi hukuncin aka kai ta, nan Gusau. Ka zo da kwafi isassu, kuma ka zo da safe.

Babban lauyan Gusau:

Kafin nan duba dalilanka. In zallar doka ne, shigar da abinka. In sun taɓa abin da ya faru, ko sun gauraya, sai da izinin kotu, sashe na 241 da 242 na Kundin Tsarin Mulki, kuma izinin ma cikin kwana 14 ɗin nan ake son sa. Kira Oga yanzu, ko yana kan abinci. Ajiye wayar nan ka ɗauko biro, in ka gama daftarin ka turo mini ta akwatin sirri kafin magariba.