Manhajar faɗaɗa rubutu tana aiki da Hausa amma tana tsayawa idan na koma Larabci

Habibu, Makka:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina aiki a wani ofishi da ke Misfala wanda ke kula da masaukin masu Umra, kuma yawancin aikina amsa saƙonni ne iri ɗaya ga mutane daban-daban: kwatancen otal, lokacin tashin mota zuwa Madina, da abin da ake buƙata kafin zuwa filin jirgin Jidda. Saboda haka na saka manhajar Espanso a kwamfutar ofis mai Windows 11, domin idan na buga gajeriyar kalma kamar :otal ta maye gurbinta da cikakken bayani.

Abubuwan da suka ɗaure mini kai su ne, idan na juya madannai zuwa Larabci don in amsa wa direba ko mai otal, babu gajeriyar kalmar da ke aiki ko ɗaya. Sannan a WhatsApp na kwamfuta, gaisuwa mai layi uku takan tafi a rarrabe, kowane layi saƙo guda, alhali dogon bayanin otal yana fita daidai. Jiya kuma da na ƙara saƙon da ya fara da kalmar 'yan uwa, komai ya tsaya cak. Shin haruffanmu masu lanƙwasa ne manhajar ba ta ɗauka?

Hajiya Rabi, Jidda:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Haruffan ba su da laifi, domin ɓ da ɗ da ƙ duk suna cikin tsarin Unicode, kuma tun shekarar 2019 Notepad na Windows yake adana fayil da UTF-8, tsarin da ke ɗaukar waɗannan haruffa, ba tare da an umarce shi ba. Abin da ya tsayar da komai jiya, a ganina, waƙafin saman da ke farkon kalmar 'yan ne. Fayil ɗin base.yml da kake zuba saƙonninka a ciki an rubuta shi ne da tsarin YAML, kuma a wannan tsari waƙafin sama alama ce ta buɗe zance da rufe shi. Idan ka kewaye saƙonka da shi, sannan aka ci karo da wani a cikin 'yan ko 'ya'ya ko jama'a, sai a ɗauka zancen ya ƙare a nan, abin da ya biyo baya ya zama shirme a wurin manhajar, ta ƙi karanta fayil ɗin gaba ɗaya. Wannan ne ya sa har tsofaffin saƙonninka suka daina aiki.

Maganinsa shi ne ka riƙa kewaye kowane saƙo da alamar zance mai tagwaye, kamar haka: replace: "'Yan uwa, barkanku da isowa". Mu masu rubutu da Hausa ya kamata wannan ya zama ɗabi'armu, tunda da wuya mu rubuta layi biyu babu wannan alama. Ka kuma kiyaye madannin Tab wajen tura layi ciki, domin YAML ba ya karɓarsa, sai tazarar da aka buga da dogon madanni na ƙasa. Idan ka gyara, ka buɗe tagar umarni ka rubuta espanso restart, in kuma har yanzu akwai matsala, espanso log zai nuna maka inda kuskuren yake.

Malam Auwalu, Madina:

Hajiya ta gama magana a kan fayil, Allah ya saka mata da alheri. Ni zan tsaya a kan sauran biyun, kuma ina so ƙanina Habibu ya raba su a zuciyarsa, saboda ɗaya matsalar ganewa ce, ɗaya kuma ta zubawa.

Manhajar tana lura ne da harafin da ya fito, ba madannin da yatsanka ya taɓa ba. A madannan Larabci, ruwa biyu yana nan a wurinsa, amma inda kake samun o sai ka sami خ, inda kake samun t sai ka sami ف, don haka abin da ta gani ba :otal ba ne ko kaɗan. Ba sai ka riƙa juyawa da Alt da Shift kowane lokaci ba. A cikin base.yml, a maimakon trigger ka rubuta triggers, ka ba saƙo ɗaya mabuɗai biyu, wato gajerun kalmomin da ke kiran saƙon, misali [":otal", ":فندق"]. Ni na fi son in ba saƙon Larabci mabuɗin Larabci, na Hausa kuma mabuɗin boko, domin hannu ya saba, kada ka tura wa tsohuwar da ta zo daga Katsina bayanin da ba za ta iya karantawa ba. Idan mabuɗi ya shige maka, Alt da dogon madanni na ƙasa suna buɗe akwatin bincike inda za ka zaɓi saƙon da ido.

Batun WhatsApp kuwa, bayanin da ka yi da kanka ya nuna dalili. Espanso tana da hanyoyi biyu na zuba rubutu: ko ta buga haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar mutum, ko ta kwafe saƙon ta liƙa shi lokaci guda. A tsarinta na asali, saƙon da ya haura haruffa 100 liƙa shi take yi, gajere kuma ta buga shi. To idan tana bugawa, duk inda layi ya ƙare sai ta danna Enter, shi kuma Enter a WhatsApp aikawa yake nufi. Ka ƙara layin force_clipboard: true a ƙarƙashin gaisuwar, ko kuma ka buɗe default.yml ka rubuta backend: Clipboard idan kana so dukkan saƙonni su bi wannan hanya. A kwamfuta mai nauyi wani lokaci abin da ka kwafa a baya ne zai fito a maimakon saƙon, saboda manhajar tana gaggawar mayar maka da tsohon kwafinka. Idan haka ta faru ka ƙara adadin restore_clipboard_delay.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya dame ni, tunda aikinku na baƙin Allah ne. Wannan fayil rubutu ne a buɗe, duk wanda ya zauna a gaban kwamfutar ofis zai iya karanta shi. Don Allah kada ka ajiye lambar fasfon kowa ko kalmar sirrin shiga manhajar Hajji da Umra ta Nusuk a cikinsa, komai sauƙin da hakan zai kawo maka.

Habibu, Makka:

Na gode, Hajiya, na gode, Yaya Auwalu. Na canza alamomin zancen, na ƙara mabuɗan Larabci, kuma gaisuwar tana tafiya a dunƙule yanzu. Saura abu ɗaya: mabuɗin kwanan wata yana ba ni na Miladiyya kawai, alhali wasu takardunmu na Hijiriyya suke buƙata.

Hajiya Rabi, Jidda:

Sashen kwanan wata na Espanso Miladiyya yake bayarwa, amma Windows yana ɗauke da kalandar Ummul Ƙura a cikinsa. Ka yi amfani da type: shell domin manhajar ta tambayi PowerShell, wato manhajar umarni ta Windows, kwanan yau bisa tsarin ar-SA na Larabcin Saudiyya, shi ne zai dawo maka da na Hijiriyya. Za ka ga ɗan jinkiri kafin ya fito, saboda sai an tada PowerShell tukuna. Ka tuna kuma Ummul Ƙura lissafi ne, don haka a farkon Ramadan da Shawwal da Zulhijja ka gwada shi da sanarwar ganin wata kafin ka buga takarda.