Sai an hau dutsen? Muhawara kan ɗaukar fim ɗin wahalar ƙauyukan kan tudu

Alhaji Sumaila, Aboabo: Assalamu alaikum. Maganata ɗaya ce, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Yaranmu masu shirya fim da kuɗin aljihunsu sun ɗauko wani yayi: labarin iyali mai fama da wahala a ƙauyen kan dutse, sai a kwashi mutum 15 da kaya a tafi Tongo a arewacin Ghana ko Shiare a gabashinta, garuruwan kan duwatsu, a tare wata guda. Na ce ɓarnar kuɗi ce. Irin wannan labari, kashi 8 cikin 10 a ɗaki da tsakar gida yake faruwa: uwa da 'yarta, rumbu, mara lafiya a kan tabarma. A gina ɗakin laka a bayan Kumasi, ko a hau tudun Kwahu, tunda daga nan Kumasi zuwa Nkawkaw da ke gindinsa awa 2 da ɗoriya ne a kan kwalta. A tura mutum 3 can sama su yi kwana 4 su ɗauko duwatsu da hanya, edita ya haɗa. Mai kallo a waya ba zai gane ba.

Memuna, Asawase: Wa alaikumus salam Alhaji. Kwahu dai a cire ta daga lissafi. Abetifi, Obo, Mpraeso, duk inda aka juya kyamara bene ne na 'yan kasuwa, da wayar lantarki, da tankin ruwa a kan rufi. Ƙasar ma kurmi ce. Tengzug kuwa, ƙauyen da ke duwatsun Tongo, gidajen laka ne masu soron ƙasa a cuse tsakanin manyan duwatsu, Shiare gidaje ne hawa-hawa a jikin gangare. Ba abin da ya haɗa su.

Sannan haske. A gindin tsauni rana kan ɓuya bayan dutse tun kafin faɗuwarta ta gaskiya, tsakar gida ta shiga inuwa alhali sama na da haske. Wannan inuwar mai sanyi ba a samunta a fili. In aka ɗauki cikin ɗaki a nan, aka ɗauki waje a can, duk sanda ɗan wasa ya ɗaga labulen ƙofa asiri ya tonu.

Awudu mai sauti: Alhaji na da gaskiya a rabi, kuma ta ɓangarena ne. Kan dutse maƙiyin sauti ne. A Tongo da hunturu iska na bi tsakanin duwatsu har tana fito. Soson makirufo ba ya tare ta, sai an sa kwando mai gashi a kai, shi ma wani lokaci a banza. Ruwa ya sauka a kan kwano, an tashi aiki ke nan, don maganar da aka yi ƙarƙashin kwano ana ruwa babu na'urar da za ta wanke ta. Janareta kuma sai an kai shi nesa, mita 50 ko fiye, a bayan dutse, ya zama iska na kwashe ƙararsa tana nisanta ta daga inda ake ɗauka.

Amma bayan Kumasi ba shiru ba ne. Aboboya, wato babur mai ƙafa uku na dakon kaya, lasifikar coci, injin niƙa, gidan makoki ranar Asabar. Ƙarar can ta wurin ce, tana shiga labari. Ta nan ba ta da gurbi.

Alhaji Sumaila: To Awudu, wuta fa? Wa zai ɗauki janareta da man wata guda a ka?

Awudu mai sauti: Ranka ya daɗe, zamanin manyan fitilu ya wuce. Ga lissafin wutar yini ɗaya, wat sau awa. Kyamara da ƙaramin allonta, wat 35 sau awa 8, ya ba da 280. Na'urar sauti wat 10, ya ba da 80. Kwamfutar kwafe aiki wat 60 sau awa 4, 240. Fitilun LED biyu masu wat 60, awa 3, 360. Jimla 960. A ƙara kashi 20 cikin 100 na abin da caja ke ci, ya kusa 1,200. Babban batir mai ɗaukar 1,000 bai fi kilo 11 zuwa 14 ba. A tafi da biyu, da faifan sola biyu masu wat 200 irin na naɗewa, batir ɗaya na aiki ɗaya na caji. Inda ake faɗuwa shi ne hazo da gajimare: faifan da zai ba da 800 ko 900 a rana mai kyau sai ya ba da rabi. Shi ya sa ƙaramin janareta mai kilo 20 da 'yan kai yake bin tawaga, a tayar da shi awa 2 da dare don caji kawai. In ƙauyen na da wutar kamfanin lantarki, NEDCo ko ECG, kada a jona caja kai tsaye ba sitabilaiza, wutar ƙarshen layi hawa da sauka take.

Fuseini edita: Na ƙara da ma'ajin bidiyo. Masu nacewa kan tsarin naɗar bidiyo na ProRes HQ a 4K su sani awa ɗaya na cin kusan GB 330. Awa 2 a yini, kwana 20, TB 13 ke nan, kuma kwafi 3 ake yi. Fim ɗin aljihu bai buƙatar haka. H.265 mai bit 10 a megabit 100 na cin GB 45 a awa. A sayi SSD, ma'ajin da ba ya juyawa, don faifai mai juyawa ba ya jure jijjigar babur. Kwafi ɗaya ya riƙa sauka gari duk mako.

Malam Issaka, Alabar: Kun yi ta wuta da waya, ku bari in shigo ta labari, don a nan shawarar Alhaji ta fi rauni, kuma a nan masu hawa dutsen ma suke kuskure.

Yaushe ake zuwa ɗauka? Disamba zuwa Fabrairu, saboda hanya ta bushe, ba ruwa, mutanen gari sun huta. Sai a nuno ƙasa ƙeƙasasshiya, ciyawa ta ƙone, yara sun yi furu-furu, a ce ga yunwa. Duk wanda ya san arewa ya san ƙarya ce. A lokacin an gama girbi, rumbu na da hatsi, lokacin bukukuwa ne da makoki. Yunwar gaske a Yuni da Yuli take, sanda tsohon hatsi ya ƙare, geron fari bai nuna ba. A lokacin dutsen kore shar yake, ya fi kowane lokaci kyau a ido. Uwar gida na auna gari da tafin hannu, an koma ci sau ɗaya, miyar ganye ta fi tuwo yawa, kuma a wannan halin ake noma mafi nauyi. Rafi ya cika, mai naƙuda sai an ɗauko ta a kan ƙyauren ƙofa ko kujera, maza huɗu suna karɓa-karɓa a kan santsi, kafin a kai inda babur zai iya zuwa, daga nan ɗakin shan magani na ƙauye, a je a tarar katin inshorar lafiya ya ƙare. Wannan shi ne fim ɗin. Mutum 3 masu kwana 4 ba za su ɗauko shi ba, domin ba hoton dutse ba ne, tafiyar mutum ce a kan dutse.

Abu na biyu, darakta ya daina kwashe abin da ya tarar. A cire fitilar caji 'yar Sin a kunna aci-balbal, a ɓoye wayar salula, a tuɓe wa yaro rigar ƙwallo a sa masa tsumma. Alhali wayar nan ita ce tsakiyar rayuwar gidan: 'yarsu na kayayo, wato dako, a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ɗansu ya tafi galamse, wato haƙar zinari ta bayan fage, uban na hawa wani dutse guda da ake samun sabis don ya ga ko momo, kuɗin da ake turowa ta waya, ya shigo.

Memuna: Allah ya gafarta Malam, fitilar cajin ma ta fi wuyar ɗauka, shi ya sa ake gudunta. Haskenta shuɗi-shuɗi ne, wutar murhu ja, a ma'aunin launin haske, hasken rana ta taga yana wajen 5,600, na wuta bai kai 2,000 sosai ba. In aka haɗa su ba tsari, baƙar fata sai ta fito toka-toka. Dabara ita ce a zaɓi haske ɗaya ya zama uba, a saita kyamara a kansa, a mayar da shi kan fuska da farin ƙyalle ko farin kwali. Wasu fitilun masu araha suna kyaftawa a hoto ko da ido bai gani ba, sai a gwada kowace kafin a fara. Wutar lantarkinmu mai zagaye 50 a daƙiƙa ce, don haka hoto 25 a daƙiƙa, shata, wato tsawon buɗewar idon kyamara, 1/50.

Damina kuma tana da nata. Kyamarar da ta kwana da sanyi, aka fito da ita cikin ɗumi mai laima, gilashi zai yi gumi. A bar ta a rufe cikin jaka minti 20 zuwa 30 tare da ƙunshin silika. Kuma gero ba ya jiran kowa. Abin da aka ɗauka a gona yau, bayan mako 2 ya wuce tsawonsa, don haka fitowar waje a jere ake ɗaukarta yadda labari ya tafi.

Alhaji Sumaila: Kun gani? Da bakinku kun ninka kuɗin. Damina, santsi, kwanakin da ruwa zai cinye. Wa zai biya? YouTube? Ko kuwa duk don a je bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu ne, wanda sai bayan shekara 2 ake yi, a tafa muku a dawo da bashi?

Hajiya Rakiya, Sawaba: Alhaji, mutum 15 ɗin ne ba dole ba. Mutum 6 sun isa: darakta, mai kyamara da mataimaki, mai sauti, mai kula da tsari da kuɗi, da tafinta ɗan garin. Tafinta ba ado ba ne. A Tongo Talanci ake yi, a Shiare yaren Acode, a Amedzofe yaren Abatime. In an sa su Hausa ko Tuwi don kasuwa, tsohuwa za ta koma karanta hadda. A bar su da harshensu, a rubuta fassara a ƙasa. Wannan kaɗai ya rushe ginin ɗaki a Kumasi, sai dai in tsofaffin za a kwaso a sa a masauki, kuma wanda bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba, in aka raba shi da murhunsa, hannunsa ma bai san inda zai ajiye ba.

Inda nake tare da ku shi ne lissafin kwana. A kowane 5 a ware 1 na ruwa. Sannan Malam Issaka ya faɗi Yuni da Yuli bai faɗi farashinsu ba: wanda aka riƙe yini guda a lokacin, an hana shi noma. Ladarsa dole ta biya ɗan ƙwadagon da zai maye shi a gona, da abinci, sannan kuɗin wasansa daban. In ba haka ba, fim ɗin yunwa ya ƙara wa gidan yunwa. A kawo abincin tawaga daga gari, kada a saye ɗan hatsin da ya rage a ƙauye.

Shiga gari ma da tsari. Sarki, sai mai ƙasa, wato tindana a ƙasar Talensi, sai asambuliman, wato kansilan yankin, sai mai gidan da za a yi aiki. Akwai duwatsu da kurmi da ba a ɗauka, a tambaya tun farko. Yarjejeniya a karanta ta da harshensu, a naɗi muryar amincewa, dangwala yatsa kaɗai bai isa ba. Takardar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, wadda dokar 2016 ta kafa, a nema, jirgin ɗaukar hoto kuma sai da rajistar hukumar jiragen sama.

Fuseini edita: Hajiya, yara fa? Kusan duk labarin nan akwai yarinya mai ɗebo ruwa.

Hajiya Rakiya: Dokar yara ta 1998 ta hana su aikin dare daga ƙarfe 8 zuwa 6 na safe, kuma ta sa dakon kaya mai nauyi cikin ayyuka masu haɗari ga wanda bai kai 18 ba. Jarkar ruwa da ake kira Kufuor, mai lita 25, kilo 25 ce. A maimaita hawa sau 8 da ita a kan yarinya, zalunci ne ko da kullum tana yi. Wofi kuma ba ta yi, wuya da tafiya suna nunawa. A zuba lita 5 ko 6, a jiƙa bakin jarkar da gammo, a ɗauki hawan gajere-gajere. Fitowar dare ta yara a yi ta da magariba.

Alhaji Sumaila: Mutum 6 na ji. Amma ɗakin mara lafiya, inda maganar fim ta fi yawa, har yanzu ban ga abin da zai hana a yi shi a ƙasa ba.

Fuseini edita: Zai yiwu Alhaji, da sharaɗi 3. Ya zama fitowar dare ce, ƙofa a rufe, kuma a garin da ke gindin dutsen, kamar Nkwanta ga mai aiki a Shiare, yadda 'yan wasan za su sauko da safe ba a ɗauke su mako ba. Yaya Awudu ya naɗo shirun ɗakin asali na can sama, minti 2 da dare, da kukan ƙwari da akuya, in shimfiɗa a ƙarƙashi. Tabarma, ƙwarya da zanen rufa su zama su ɗin ne aka sauko da su. Da haka za a iya sauke kashi 2 ko 3 cikin 10. Takwas ba zai yiwu ba.

Awudu mai sauti: Kuma bangon ya zama laka. Ɗakin siminti amsa kuwwa yake, kunne na kamawa ko a waya.

Alhaji Sumaila: Uku. Memuna, rubuto min jerin kayan mutum 6 da nauyin kowanne, in ga 'yan dako nawa ne daga inda mota ke tsayawa. Kwanakin ruwa kuma ba daga aljihuna za su fito ba, darakta ya rage fitowa.