Ƙin biyan haraji da gangan: a wane mataki ake kama mutum?

Ɗan Gaya:
Assalamu alaikum. A Amurka akwai waɗanda ake ce wa 'yan Libateriyan, masu cewa gwamnati ba ta da hurumi a kan abin da mutum ya samu da guminsa, haraji kuwa ƙwace ne aka sa masa rigar doka. Wasunsu ba su tsaya a baki ba, suna ƙin biya a fili, ko su je ƙofar ofishin haraji su tsaya har a zo a tafi da su. Waɗanda suka san abin daga kusa, ku fayyace mana: daga ranar da mutum ya ce ba zai biya ba zuwa ranar da aka sa masa ankwa, me ke faruwa a tsakani? Ba gardamar ko haraji adalci ne nake nema ba.

Maman Hanifa, Ohio:
Wa alaikumus salam. Malam, a fara raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Rashin biya daban, rashin cike takarda ko yin ƙarya a cikinta daban. Wanda ya cike fom ɗin 1040, wato takardar harajin shekara, daidai kafin 15 ga Afrilu, ya nuna abin da ake bin sa, sannan ya ƙi turo kuɗin, da wuya ya kwana a ofishin 'yan sanda. Aljihunsa ake bi. Tarar rashin biya rabin kashi ɗaya cikin ɗari ce kowane wata, ga kuɗin ruwa a kai. Wanda bai cike takardar ba kuwa kashi 5 cikin ɗari ne duk wata, har ya kai kashi 25.

Wasiƙu ke fara zuwa daga hukumar harajin tarayya, IRS: CP14, sai CP501, CP503, CP504, kowace ta fi ta baya zafi. Bayansu sai wasiƙar gargaɗin ƙarshe, ita ce ke ba mutum kwana 30 ya nemi a saurare shi. In ya yi shiru, sai a rubuta wa bankinsa. Bankin zai riƙe kuɗin kwana 21 sannan ya miƙa. Albashi ma ana yanka tun daga wurin aiki. Hukumar tana da shekara 10 tana bin bashin, kuma tun dokar 2015, in ya haura dala dubu 50 (adadin yana ƙaruwa kowace shekara) ana iya hana mutum fasfo.

Inda 'yan Libateriyan da yawa ke zamewa shi ne rubuta hujjarsu a jikin fom ɗin: wai albashi ba riba ba ne, ko gyaran tsarin mulki na 16 na 1913, wanda ya ba gwamnatin tarayya ikon karɓar harajin kuɗin shiga, bai inganta ba. Wannan kaɗai tarar dala 5,000 ce a kan kowace takarda, ba sai an je gaban alƙali ba.

Barau Mai Doka:
Hajiya ta gama magana a kan kuɗi, bari in ɗora ɓangaren laifi. Ƙin cike takarda da gangan ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba ne, amma a kan kowace shekara da aka tsallake ake lissafawa. Haka ɗan wasan fim Wesley Snipes ya samu shekara uku a 2008: shekaru uku, tuhuma uku. Ɓoye dukiya ko zuba ta a sunan wani don a kauce wa haraji, wannan babban laifi ne, har shekara biyar.

Duk shari'ar tana rataye ne a kan kalmar "da gangan". A 1991 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani matuƙin jirgin sama mai suna Cheek: in mutum da gaske bai fahimci abin da doka ta ɗora masa ba, ba a ce ya yi da gangan, amma in ya san dokar, ya ce shi dai bai yarda da halascinta ba, wannan ba kariya ba ce. To mai bijire wa doka a fili ai shi da bakinsa yake cewa ya sani kuma ya ƙi. Kowane jawabi da ya yi a gaban kyamara, mai gabatar da ƙara ya samu shaida kyauta. Shi Cheek ɗin ma da aka sake shari'ar an same shi da laifi. Irwin Schiff, wanda ya shafe shekaru yana koya wa mutane su rubuta sifili a gurbin kuɗin shiga, a gidan yari ya rasu a 2015.

Ga 'yan'uwanmu da ba su da takardar zama ɗan ƙasa, a kiyaye: laifin zambar haraji da ya haura dala 10,000 yana cikin waɗanda ake korar mutum daga ƙasar a kansu, ko da yana da katin zama na dindindin.

Na'Allah, New England:
Kamun da kuke gani a bidiyo yawanci ba na bashin haraji ba ne sam. A jihar New Hampshire an sha ganinsa, saboda ƙungiyar 'yan Libateriyan ta Free State Project ta zaɓi jihar a 2003 don magoya baya su ƙaura can, kuma garin Keene ya yi suna da irin wannan. Jihar ba ta karɓar harajin albashi, don haka rigimarsu da ta tarayya ce, sai kuma harajin gida.

Yadda abin ke tafiya: tsayawa da kwali a gefen titi ba laifi. Da ka taka cikin ginin gwamnatin tarayya kana raba takardu ba izini, jami'in tsaro zai ce ka fita. In ka ƙi, laifin shi ne ƙin bin umarni, tara ce ko ɗaurin da bai wuce kwana 30 ba. Ƙaramin abu ne, sau da yawa takardar sammaci kawai za a ba ka. Abin da ke tsawaita shi, mutum ne da kansa. Ya sake jiki ya zube ƙasa sai an ɗauke shi, a wurare da yawa a ƙara masa tuhumar turjiya. Ya ƙi faɗin sunansa ko ba da yatsa, beli ya tsaya. Ya ƙi zuwa kotu ranar da aka sa, a ba da takardar kamu. Ya zo ya ƙi miƙewa wa alƙali ko ya ƙi biyan tarar, raina kotu ke nan. Tarar da ba ta taka kara ta karya ba sai ta zama kwanaki a tsare.

Harajin gida kuma ba a kama kowa. Garin zai ɗora alamar bashi a kan gidan, bayan shekara biyu ya karɓe takardar mallaka. Sai ranar da aka ce a fita mutum ya ƙi, sannan 'yan sanda su shigo.

Ɗan Gaya:
To su Brown fa, da aka ce an ba su sama da shekara talatin?

Barau Mai Doka:
Ba harajin ne ya jawo wannan ba. Ed da Elaine Brown, wata 63 kowannensu aka yanke musu a 2007 kan haraji. Suka ƙi miƙa kansu, suka kulle a gidansu na Plainfield da bindigogi da abubuwan fashewa har watan Oktoba, lokacin da jami'ai suka shiga da sunan magoya baya suka kama su. Makaman da ƙin miƙa kai su suka jawo shekara 37 da 35. Wasu daga cikin waɗanda suka kai musu ɗauki su ma an ɗaure su. Ni ban sa su a layi ɗaya da marubuci Henry David Thoreau ba, wanda ya kwana ɗaya a kurkukun Concord a 1846 kan harajin kai, bai ɗaga wa kowa ko sanda ba.

Baba Tanko, Manchester:
Ku yara kuna ta maganar mutum ɗaya ɗaya. In ana son a ga inda ƙin biya ya karya haraji, a dubi Birtaniya, ko da yake waɗanda suka ja ragamar 'yan gurguzu ne, ba 'yan Libateriyan ba. Gwamnatin Firaminista Margaret Thatcher ta kawo harajin kai a Sukotland a 1989, Ingila da Wales a 1990. Kowane baligi a ƙaramar hukuma ɗaya kuɗi ɗaya zai biya, attajiri da mai shara. Ɗalibai da marasa aiki kashi 20 cikin ɗari. Mu da muka san harajin da Rimi da Balarabe Musa suka soke tare da jangali a 1979, ba sai an yi mana bayani ba.

Matakan a Ingila a wancan lokacin: takardar biya, takardar tuni, sammacin kotun majistare, sai alƙali ya ba da odar tabbatar da bashi. Da ita ƙaramar hukuma ke yankar albashi ko kuɗin tallafi, ko ta turo masu ƙwace kaya. Su kuwa, a dokar lokacin, ba su da ikon fasa ƙofa a zuwan farko. Sai an buɗe musu, ko sun samu ƙofa ko taga a buɗe. Da sun shiga sau ɗaya sun rubuta kaya, to sun samu ikon dawowa. Shi ya sa abin da ƙungiyoyin unguwa suka fi nanata wa mutane shi ne a yi magana ta bayan ƙofa, kada a sa hannu a komai, a kai mota wani layi.

Dabarar masu ƙin biya a kotu ita ce kowa ya halarta. Ƙaramar hukuma takan jera ɗaruruwan sunaye a zama ɗaya da tunanin ba mai zuwa. In mutum ɗari biyu suka zo, kowa da mai taimaka masa a gefe, kowa yana tambayar yaushe aka aiko masa takardar tuni, yini ya ƙare ba a yi rabi ba.

Ɗauri shi ne matakin ƙarshe, bai wuce wata uku ba, kuma sai an binciki halin mutum an tabbatar ƙi ya yi ko sakaci, ba rashi ba. Ɗan majalisa Terry Fields na Liverpool kwana 60 aka ba shi a 1991 kan fam 373. Amma masu hukunci mai nauyi su ne na zanga-zangar ranar 31 ga Maris 1990 a dandalin Trafalgar da ke Landan, inda aka kama sama da mutum 300. Su dokar zaman lafiya ta 1986 aka karanta musu: tarzoma har shekara 10, hargitsi har shekara 5. Thatcher ta sauka a Nuwamba, aka sanar da soke harajin a Maris 1991.

Inna Rabi, Glasgow:
Baba, a ƙara da cewa Sukotland tata dokar daban. Can ba a ɗaure mutum kan wannan bashin. A lokacin jami'an kotu ne kan zo su yi wa kayan gida kuɗi, daga baya a yi gwanjonsu. Sai jama'a suka riƙa cika ƙofar gidan tun da asuba, a hana su wucewa. Tommy Sheridan, jagoran masu ƙin biyan harajin, ba don ƙin biya aka ba shi wata shida a 1992 ba, don ya keta umarnin kotu ne ya je ya hana wani gwanjo a Glasgow. Yana cikin gidan yarin aka zaɓe shi kansila.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: mutane da yawa sun janye sunansu daga rajistar zaɓe don kada a gano su, suka rasa ƙuri'a. Kuma sauya harajin a 1993 bai goge bashin baya ba. Ƙananan hukumomin Sukotland sun ci gaba da bin mutane har 2015, lokacin da majalisar Edinburgh ta yi dokar da ta dakatar da karɓarsa.