Kek na kofi yana lotsawa a tsakiya, takarda kuma tana saki: ina matsalar take?

Sabuwar Hannu:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu gashin kek. Ranar Asabar za mu fita cin abinci a waje da abokan aiki, kuma an ce a tafi da masu shara, masu gadi da direbobi, tunda su ne kullum cikin hidima ba a ko ce musu sannu. Ni aka ɗora wa kek na kofi, ƙananan nan da ake gasawa cikin kofin takarda, guda 36. Na gwada sau biyu, abu ɗaya nake gani: yana tashi da kyau a cikin oben, ina fitowa da shi sai tsakiyar ta lotsa, ƙasan ya yi danƙo. Kafin gari ya waye takardar ta saki ta baje.

Abin da na zuba na guda 12: fulawa kofi ɗaya, sukari kofi ɗaya, narkakkiyar bota rabin kofi, ƙwai 2, bekin foda babban cokali ɗaya. Oben ɗin na gas ne. Sannan yaya zan kai su tafiyar awa ɗaya a mota cikin zafi, aisin bai narke ba? A taimaka.

Anti Mai Sikeli:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun daga awonki matsalar ta fara, tun ba a je ga wuta ba.

Bekin fodar ta yi yawa ƙwarai. Babban cokali ɗaya daidai yake da ƙaramin cokali uku, alhali fulawa kofi ɗaya ba ta buƙatar fiye da ƙaramin cokali ɗaya da kwata. Idan foda ta yi yawa, iska takan cika kwaɓin da sauri, ya kumbura ya wuce abin da jikinsa zai iya riƙewa, ƙwai da fulawar da za su tokare shi ba su riga sun nuna ba, sai kumfar ta fashe ya koma ƙasa. Shi ya sa kike ganin ya tashi a ciki ya faɗi a waje. Ki ɗanɗana, za ki ji wani ɗaci-ɗaci a bayan harshe, aikin fodar ne.

Na biyu sukari. Kofi ɗaya na fulawa wajen giram 125 ne, amma kofi ɗaya na sukari giram 200 ne. Ido yana ganin ɗaya da ɗaya, sikeli kuwa yana cewa sukari ya kusa ninka fulawa. Sukari yana jan ruwa, yana kuma jinkirta ƙamewar kwaɓi a wuta, to ga danƙon da kike gani a ƙasa. Don haka nake cewa duk mai son kek ya riƙa fitowa iri ɗaya kullum ya nemi ɗan sikelin kicin. Ko fulawar ma, idan kin cusa kofin cikin buhu kin danna, tana iya kai giram 150 ba ki sani ba.

Ga awon guda 12 da ba ya ba da kunya: bota giram 125, sukari giram 125, fulawa giram 125, manyan ƙwai 2, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya da kwata, madara babban cokali 2, filebon banila ƙaramin cokali ɗaya, gishiri ɗan tsunkule idan botar ba mai gishiri ba ce. Cokalin a shafe bakinsa da bayan wuƙa, ba a tula shi.

Botar kada ki narkar da ita. Ki fitar da ita daga firiji har ta yi laushin da idan kin danna da yatsa zai shiga ya bar shaida, amma ba ta fara ƙyalli da maiƙo ba. Ki buga ta da sukari minti 3 zuwa 4 da miksa, ko minti 8 zuwa 10 da muciya, har ta yi fari ta ƙara yawa. Ƙwayoyin sukarin ne ke huda botar suna barin ƙananan ramukan iska, fodar kuma waɗannan ramukan take hurawa. Narkakkiyar bota ba ta riƙe iska, shi ya sa kek ɗin yake cunkushewa.

Ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya ɓace a ciki kafin a fasa na gaba, kuma kada su zama masu sanyin firiji. Idan kin ga kwaɓin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, ki zuba babban cokali ɗaya daga fulawar ki ci gaba da bugu, zai haɗe. Ki tankaɗe fulawa da foda tare, ki zuba kashi biyu da madarar a tsakani. Daga nan a ajiye miksa. Da cokalin roba za ki riƙa ɗebowa daga ƙasa kina kifawa, da zarar farin gari ya ɓace ki tsaya. Yawan juyi bayan fulawa ta sha ruwa yana tayar da yauƙin alkama, kek ya fito da tauri da dogayen ramuka a ciki kamar burodi.

Kowace takarda kashi biyu cikin uku, wato giram 40 zuwa 45. Idan kin cika ta, zai zubo ya baje a bakin gwangwani, tsakiyar ta sake lotsawa.

Na 36 ki ninka komai sau uku, amma idan gwangwaninki mai gida 12 ne guda ɗaya, gara ki kwaɓa kashi-kashi. Foda tana fara aiki ne tun ta taɓa ruwa, kwaɓin da ya zauna awa ɗaya yana jiran layi ba zai tashi kamar na farko ba.

Malam Na Bakin Wuta:

Hajiya ta gama magana a kan awo, ba ni da ƙari. Sai dai ko an gyara awo, oben na gas yana iya mayar da hannun agogo baya, kuma 'yar'uwa ba ta faɗi zafin da take sawa ba.

Digiri 180 ake so, idan mai fanka ne 160. A kunna shi minti 15 zuwa 20 kafin a saka komai. Lambar da ke jikin makunni kada a yarda da ita ido rufe, oben da yawa suna kuskure da digiri 10 zuwa 25, sama ko ƙasa. Ɗan ma'aunin zafi da ake ratayawa a ciki shi ke faɗin gaskiya. Idan wuta ta yi yawa, sama za ta ƙame da wuri, cikin ya tura ta, kek ya fito da tsini a fashe, tsakiya ɗanya. Idan ta yi kaɗan, ya baje ya bushe kafin ya yi ja.

Na gas daga ƙasa wutarsa take, saboda haka gwangwani a layin tsakiya. In har ƙasan yana ƙonewa, a sa wani farantin ƙarfe babu komai a layin ƙasa ya tare harshen wutar. Ƙofa kuma ba a buɗe ta kafin minti 15. Duk buɗewa zafi yana zubewa, kuma a daidai lokacin ne tsakiyar take ƙoƙarin tsayawa da ƙafarta. A minti 18 a soka tsinken sakace a na tsakiyar gwangwani, ba na gefe ba. In ya fito da ɗan ɓurɓushi busasshe ya yi, in ya fito da jiƙaƙƙen kwaɓi a ƙara minti 2. Mai ma'auni na sokawa zai ga wajen digiri 95 zuwa 98 a ciki.

Batun takarda tururi ne. A bar kek a gwangwani minti 3 zuwa 5 kawai, a ciro a jera a kan raga inda iska za ta ratsa ƙasa. Idan ya huce a cikin gwangwani, gumi yana taruwa tsakanin ƙarfe da takarda, ta jiƙe ta saki. Haka ma idan an rufe shi a roba yana da sauran ɗumi. Kek ɗin da bai gama nuna ba ma yana tsukewa ya janye daga takarda, kuma ina kyautata zaton naki yana da wannan. Awa ɗaya cur a kan raga kafin murfi.

Sabuwar Hannu:

Allah ya saka da alheri Anti, na gode Malam. Gaskiya ina buɗe ƙofar sau uku ko huɗu. Fodar tawa ta daɗe a buɗe, ko in sa bekin soda a madadinta?

Anti Mai Sikeli:

A'a ƙanwata, ba abu ɗaya ba ne. Soda ta fi foda ƙarfi sau uku zuwa huɗu, kuma ba ta aiki sai da abu mai tsami a kwaɓin, irin su yogot ko ruwan lemun tsami. A wannan awon babu mai tsami, sai kawai ki ji ɗanɗanon sabulu. Gwada fodarki: rabin ƙaramin cokali a kofi, ki zuba ruwan zafi. In ta yi kumfa nan take tana da rai, in ta kwanta shiru ki sayi sabuwa.

Uwar Biki:

Bari in taɓa ɓangaren tafiya, don nan ake asarar wahalar dare guda.

Bota tana narkewa a wajen digiri 32 zuwa 35, motar da ta tsaya a rana kuwa cikinta yana wuce haka nesa. To aisin na bota zalla ba zai kai ba sai da sanyi. Wanda aka saba na guda 12 shi ne bota giram 150, aisin shuga giram 300, madara babban cokali ɗaya. Don zafi, a maye rabin botar da farin kitsen yin kek na gwangwani, wanda ya fi jure ɗumi, a rage madarar, a yi ado gajere mai faɗi, ban da dogon nan mai hawa uku. Kirim da ake bugawa da aisin na cuku a bar su gaba ɗaya. Ƙa'idar lafiyar abinci ita ce irin waɗannan kada su wuce awa 2 a waje, idan zafi ya haura digiri 32 awa ɗaya kacal.

Ni a ganina ma rabin kawai za ki yi wa aisin. Sauran ki barbaɗa musu aisin shuga da rariya bayan an isa, ko ki yi na ruwa: aisin shuga giram 150 da ruwan lemun tsami babban cokali 1 zuwa 2, a shafa siriri, ya bushe cikin rabin awa, ba ruwansa da narkewa.

Ki gasa ranar Juma'a da yamma, su kwana a roba mai murfi a ɗaki, ba a firiji ba, don sanyin firiji yana saurin busar da kek ya yi gari-gari. Aisin da safe, sannan minti 30 a firiji ya ƙame. Kwali mai ramuka ya fi. In babu, ki ɗiga aisin kaɗan a ƙarƙashin kowace takarda ya manne da kwalin, ki jera su dab da juna ba wurin zamewa. Kwalin ya shiga kula, ƙanƙara a ƙasa an naɗe ta da tawul don kada ruwa ya taɓa. A ajiye a ƙasan mota inda yake shimfiɗe, kujera a karkace take, but ɗin mota kuma tanda ce. In an isa a bar kwalin a rufe a inuwa minti 15 kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan aisin kala ta zuba.

Su kuma waɗanda ake yi dominsu: mai gadi ba ya barin ƙofa, masu aikin dare ba za su zo ba, direba sau da yawa yana wajen mota lokacin da ake rabo. Ki ƙirga su tun yanzu, ki ware nasu a kwali daban kafin a buɗe na jama'a, don abin da aka ce a ci a rage musu ba ya raguwa. Nasu ya zama marar aisin na bota, a naɗe bibbiyu a leda, da yawa gida za su kai wa yara, kuma haka zai kwana biyu zuwa uku lafiya. A miƙa hannu da hannu, a kira mutum da sunansa, a bar waya a aljihu. Ki liƙa 'yar takarda a kwalin cewa akwai ƙwai, madara da alkama, gyaɗa kuwa kada ta shiga ko kusa, tunda ba ki san jikin kowa ba.

Malam Na Bakin Wuta:

Ƙari ɗaya a kan lissafi: ki kwaɓa na 48. Goma sha biyun farko gwajin oben ne, a nan za ki gane ko bayansa ya fi gabansa wuta. In haka ne, daga zagaye na biyu ki juya gwangwanin sau ɗaya a minti 15, da sauri, ki rufe a hankali ba tare da buga ƙofar ba.