Muhawara: Ya dace a ɗora yaro mai sikila a kan haidroksiyuriya?

Daga zauren ma'aikatan lafiya na Abuja, bayan an turo wani saƙo da ke yawo cewa haidroksiyuriya maganin cutar kansa (ciwon daji) ne, don haka ganganci ne a ba yaro mai sikila.

Mai harhaɗa magunguna, Wuse: Saƙon ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Asalinsa maganin kansar jini ne, yana danne ɓargo, yana kuma rage ƙwayoyin haihuwa a maniyyi. Ni dai a bar shi sai ciwo ya yawaita.

Likitar yara, Gwagwalada: Malam, jiran ne ke nakasa yara. Idan ba a yi komai ba, kusan kashi 11 cikin 100 na masu SS kan samu shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20, kuma ba ta sallama. Maganin yana ƙara himogilobin F, irin na jarirai, wanda ke hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa su toshe jijiya. Tun 2014 ƙa'idar Amurka ta ce a gabatar wa iyaye shi daga wata 9, ko yaron bai fara yawan ciwo ba. Zancen cutar kansa kuwa, an daɗe ana bibiyar masu shan sa, ba a ga ya ƙara ta ba.

Mai harhaɗa magunguna, Wuse: Ai Amurka kika ce, Likita. Can babu maleriya. Ki rage wa yaro sojojin jini a Kubwa da damina?

Likitar yara, Gwagwalada: An gwada a Afirka. Binciken REACH da aka wallafa a 2019 ya bi yara wajen 600 a Angola, Kongo, Kenya da Yuganda. Tashin ciwo, ƙarin jini da mace-mace duk sun ragu, maleriyar ma ta ragu da kusan rabi. A gida kuma akwai SPRING, a Kano da Kaduna: yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 da na'urar TCD, mai auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar jiki. An raba su biyu, wasu miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. Wajen hana shanyewar jiki ba a ga bambanci ba, sai dai 'yan 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Garki: Ku bar ni in raba gardama: maganin lafiya lau, bibiyar ce matsala. Kafin kafso na farko a auna jini gaba ɗaya, a duba ƙoda da hanta. Bayan an fara, gwajin jini duk wata har adadin ya zauna, sannan duk wata biyu zuwa uku. Niyutirofil (wani nau'in sojojin jini) suka faɗi ƙasa da 1,250, ko filatilet (ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini) ƙasa da 80,000, a dakata har su farfaɗo, a dawo da ƙaramin adadi. Girman jajayen ƙwayoyi kuwa yana tona asiri: in bai ƙaru ba, galibi yaron ba ya sha.

Nas, Nyanya: Yauwa. Ga kuma kafso ɗin da ya fi yawa a kasuwa, mai miligiram 500. Yaro mai kilo 15, a lissafin 20 a kowane kilo, rabonsa 300 ne. A ba shi 500 kullum, ya kai 33 a kilo, alhali iyakar 35 ce. Sai uwa ta buɗe kafso ta raba garin da ido, da hannu tsirara, wata ma da juna biyu. A nemi mai 100, a kuma sake lissafi duk lokacin da nauyi ya ƙaru. Kuma a faɗa wa iyaye tun farko cewa sai wata 3 zuwa 6 ake ganin amfani, in ba haka ba mako huɗu su ajiye.

Mai harhaɗa magunguna, Wuse: To ƙarin jini fa? Binciken STOP na 1998 ya nuna ya rage shanyewar da kusan kashi 90.

Likitar yara, Gwagwalada: Haka ne, in awon TCD ya kai 200, ƙarin jinin ne zaɓin farko. Amma jini duk wata, a ina? Ga taruwar sinadarin ƙarfe a hanta, ga kuɗin maganin cire shi.

Mai harhaɗa magunguna, Wuse: Na yarda da na masu TCD mai haɗari. Na jarirai 'yan wata 9 dai, inda ɗakin gwaji ya yi wa iyaye nisa, har yanzu ban gamsu ba, Likita. Kuma maganar maniyyi ba wanda ya amsa min.