Wa ya taɓa zama ɗaki ɗaya da wanda ba ya cin nama? Ya kuka ƙare?

Ɗan Gwammaja:
Salamu alaikum jama'a. Na samu gurbin karatu a Pune ta Indiya, kuma gidan da aka samo min mu biyu ne, ɗayan ɗan Gujarat ne, tun a waya ya ce min shi fa ba ya cin nama ba ya cin kifi ba ya cin ƙwai, kuma ba ya son a dafa a tukunyarsa. Ni kuwa mutum ne da in ban ga tsoka a miya ba kamar ban ci abinci ba. Waɗanda suka taɓa irin zaman nan don Allah ku faɗa min gaskiya, ana iyawa ko tun wuri in nemi wani ɗakin?

Bakatsine a Baroda:
Wa alaikumus salam. Ana iyawa ɗan'uwa, ni da ɗan addinin Jain ma na zauna, wanda naka wasa ne a kansa. Su ban da nama da kifi da ƙwai, masu riƙo sosai a cikinsu ba sa cin albasa, tafarnuwa, dankali, karas, duk abin da sai an tono shi a ƙasa, wai in ka tuge shi ka kashe shukar gaba ɗaya da ƙananan halittun da ke jikinta. Nawa ko zuma ba ya sha kuma yana ƙoƙari ya gama cin abinci kafin rana ta faɗi, lokacin azumi sai ya zama ni ina jiran magariba in fara shi yana sauri ya gama, mun sha dariya a kan wannan.

Abin da muka yi tun makon farko shi ne rabon kaya. Tukwanensa daban, cokulansa daban, wuƙa da katakon yanka daban, har soson wanke-wanke kowa da nasa. Firij ɗaya ne, sai muka yi yarjejeniya ni ba na ajiye ɗanyen nama a ciki, in ina sha'awa in fita in ci a waje ko in je wajen 'yan Najeriya mu dafa a can. Da farko na ji haushi gaskiya, ina ganin ai kuɗin haya ɗaya muke biya, sai wani babban yayanmu a can ya tambaye ni, da Bature aka haɗa ka ya ce zai soya naman alade a kaskonka zai wanke maka tas, za ka yarda? Daga nan na yi shiru.

Wani abu da zai taimake ka, duk abincin leda ko na gwangwani a Indiya akwai alama a jiki, koren ɗigo a cikin ɗan akwati na nufin babu nama babu ƙwai, alama mai ruwan ƙasa-ƙasa kuma na nufin akwai. Wlh alamar nan ta fi yi mana amfani mu Musulmi, biskit ko kek ko alawa in ka ga kore ka huta da tunanin kitsen alade.

Sarkin Zolaya:
Ku kuna maganar Indiya, mu nan gida ai tsadar kasuwa ta mai da mu marasa cin nama ba tare da mun shiga addinin kowa ba 😂 awara ce kazarmu yanzu. Ɗan Gwammaja ka tafi kawai, horon da ka samu a nan ya ishe ka.

Maman Ilham:
Ni jinya ce ta kai ni, na raka Hajiyarmu aikin gwiwa a Delhi muka kama ɗan gida kusa da asibiti. Matar da ke ƙofa da ƙofa da mu 'yar Hindu ce dattijuwa, ko ƙwai ba ya shiga gidanta amma madara da man shanu da wani cukunsu fari da suke kira fanir kam kullum. Da ta ga Hajiya ba ta iya cin abincin asibiti sai ta fara aiko mana da wani faten shinkafa da wake mai laushi, kicari suke ce masa, shi ne ma abin da ya zauna wa Hajiya a ciki. Kun san mu da kunya, ba a mayar da kwano haka nan, to me zan zuba mata? Na yi ta tunani sai na tuna ai rabin abincinmu na gida babu nama a ciki, mu ne dai ba ma lura. Ƙosai, ɗanwake, alale in ba ka sa ƙwai ko kifi ba, waina da kuli-kuli, kwaɗon zogale, dambu, faten wake. Na jiƙa farin wake na yi mata ƙosai, matar nan ta cinye ta dawo tana tambaya ta yaya na sa ya tashi haka, ashe su ma suna da irinsa. Zogale ma suna da shi, su 'ya'yan suke sakawa a miya, ta yi mamaki da na ce mu ganyen muke ci.

Sai dai a kula da dunƙulen magi, wani akwai ɗanɗanon kaza a ciki, da kuma garin kifi ko kirefish da muke barbaɗawa ba ma ɗaukarsa nama. A wajensu duk nama ne. Kuma kar ka tsame tsoka daga miya ka ce ga shi babu nama, wannan cin amana ne a ganinsu, kuma da gaskiyarsu. Ranar da na buɗe daddawa kuwa sai da ta leƙo ta ce me ya mutu, na nuna mata 'ya'yan itace ne kawai, ita ma ta ɗauko wani ƙullin garinsu mai suna hing ta ce in shinshina, na ce Anti ai ke ma ba ki da bakin magana.

Injiniya Mai Nasara:
Ni dai kar a yi ta zuba zuma, akwai ɗaci. A Mumbai akwai gidajen da dillali zai tambaye ka kai tsaye kana cin nama, ka ce e ya ce babu ɗaki, an yi min, kuma na san wani lokacin ba naman ba ne matsalar, hanya ce ta cewa ba a son Musulmi ko baƙar fata. Akwai kuma waɗanda abin nasu ba tausayin dabba ba ne, ƙyama ce ta tsarin ɗabaƙa, suna ganin mai cin nama ƙazami ne, kofin da ka sha ruwa sai a ware shi. Irin waɗannan ba wani ƙosai da zai gyara. Ka gwada naka ka gani wane iri ne kafin ka biya kuɗin shekara.

Sannan maganar saniya ba abin wasa ba ce a can, jihar Maharashtra da za ka je tun 2015 ta faɗaɗa haramcin yanka har bijimai, abin da ake sayarwa na ɓauna ne, kuma an sha kashe mutane a wasu jihohin kan zargin naman shanu kawai. Kar ka je kana ba su labarin suyar Kano da yadda ake kayar da sa. In kana son nama ka tambayi unguwar Kondhwa a Pune, Musulmi ne da yawa, akwai mahauta na halal da ɗaliban Afirka.

Bakatsine a Baroda:
Injiniya gaskiya ka faɗa, akwai irinsu. Nawa dai ba haka yake ba. 'Yan Jain suna da wasu kwanaki na ibada wajen Agusta ko Satumba, Paryushan, a ƙarshensu kowa yana bin mutane yana neman gafara, yaron nan ya zo ya haɗa hannu ya ce in ya taɓa ɓata min in yafe. Da Babbar Sallah kuma ni na gaya masa tun da wuri cewa za mu yi yanka a wajen gari, ya ce shi ranar zai tafi gidan kawunsa, bai ce min mugu ba ban ce masa jahili ba, da na dawo na yi wanka na canza kaya kafin in shiga kicin.

Malam Na Zaure:
Abin da ya kamata a rarrabe shi ne barin cin abu daban, haramta shi daban. An kawo wa Manzon Allah (SAW) naman damo bai ci ba, Khalid bin Walid ya tambaye shi ko haramun ne, ya ce a'a, babu shi dai a ƙasar mutanensa shi ya sa ransa ba ya so, Khalid ya jawo ya ci a gabansa. To ga mai ci ga marar ci a akushi ɗaya. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma akwai maganar Sayyidina Umar yana gargaɗi kan yawan cin nama, cewa yana da jaraba irin ta giya. Inda za a tsaya shi ne Musulmi ya ce yanka zalunci ne ko layya kuskure ce, nan kam ya taɓa abin da Allah ya halatta. Wanda ba Musulmi ba kuwa maƙwabci ne, yana da haƙƙin kar ka cutar da shi, har da ƙaurin suya in ka san yana tayar masa da zuciya.

Hauwa'u daga Manchesta:
Nawa ya ɗan bambanta, Turawa ne ba ruwansu da addini. Akwai wata abokiyar aikina cikin masu kiran kansu bigan, su ko madara da zuma da takalmin fata ba sa amfani da su, ƙungiyarsu ma a nan Ingila aka kafa ta tun 1944. Kullum in ofis za a fita cin abinci ni da ita muke zama gefe ɗaya don ni ma na marasa nama nake oda in ban tabbatar da halal ba, haka muka saba. Rigimar ta zo ne da na sa hoton ragon layyar gidanmu a sitatus, ta turo min doguwar magana. Na bari sai da muka haɗu na ce mata naman nan kashi-kashi ake yi, akwai gidajen da shekara guda ba su ga nama ba sai ranar, kuma addini ya ce a wasa wuƙa a hutar da dabba kar a wahalar da ita. Ta ce to ana yin hakan? Nan fa na rasa ta cewa, don na tuna tirelolin shanu da ake lodawa daga Potiskum ko Maigatari zuwa Legas, kwana da kwanaki a cushe cikin rana wata ta faɗi a tattake ta, da kajin da ake ɗaurewa a babur kai a ƙasa. Na ce mata ba kullum ba. Har yau ita tana ganin yankan kansa ne laifi, ni ina ganin wahalarwar ce laifi, ba wadda ta ja wata, amma ranar da na kai awara da yaji ofis ita ta kusa cinyewa, ta ce ba ta taɓa cin tofu mai daɗinsa ba. Hoton rago kuma yanzu ina ɓoye mata sitatus ɗin, shi ke nan.

Alhaji Ɗan Kwari:
Ni a Habasha na ga abin. Kiristocin Otodoks na can suna azumin nama da madara da ƙwai duk Laraba da Juma'a, ga kuma babban azuminsu na kwana 55 kafin Ista. Kuma a can Musulmi ba ya cin yankan Kirista, Kirista ba ya cin yankan Musulmi, shagon mahauta ma za ka ga gicciye ko jinjirin wata a jiki. To abokin kasuwancina Kirista ne, abin da ke haɗa mu faranti ɗaya shi ne abincin azumin nan, wata irin gurasarsu mai suna injera da miyar wake da suke kira shiro da ganyayyaki. In na sauka Addis a filin jirgi nake masa waya in ce yau na azumi za mu ci.

'Yar Zinder:
Ku duk baƙi kuke ba da labari, ni ce marar cin naman a gidanmu 😅 Tun ina ƙarama akwai ɗan ragon da na raina da hannuna, ni ke ba shi dusa da harawa, aka yanka shi da Sallah ina kallo, daga ranar nama ya fita raina. Ban ce haram ba ne Malam, layya ma ina yi, ni ke raba wa maƙwabta, ci ne dai ba na yi. Abin da na sha a wajen dangi ba kaɗan ba, an ce iska ce, an yi min ruƙiyya, an ce iyayi ne na 'yan boko. Da na yi aure uwar mijina ta ɗauka raina girkinta nake yi, sai da maigidan ya zaunar da ita. Yanzu ita da kanta take ɗebar min miya a ƙaramar tukunya kafin ta zuba nama, tana yi tana mita wai 'yar nan za ki bushe. Ni ke soya wa maigida kazarsa kuma, yara ma suna ci, ban hana kowa ba. Wajen biki ne wahala, a cika maka faranti da kaza a tsaya a kanka sai ka ci, na koyi cewa na gode zan tafi da shi gida. Likita ta ce in riƙa shan nono da cin ƙwai saboda sinadarin B12, don haka fura da nono ba ta wuce ni.

Ɗan Gwammaja:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na yi masa magana ɗazu, ya ce albasa da tafarnuwa yana ci, kuma ba damuwa in ci nama a ɗakina in dai ba a kicin aka dafa ba. Saura tambaya ɗaya, Umma ta riga ta sa a yi min kilishi da dambun nama, in tafi da su ko in bari?

Bakatsine a Baroda:
Kilishi dai sa'a ce, a filin jirgi suna iya karɓewa in sun buɗe jaka, kar ka ɗauki mai yawa. Abin da za ka fi nema a can kuka ce da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji da kanwa, su ka cika jaka da su. Daddawar ka nannaɗe ta leda uku ka sa a roba mai murfi, in ba haka ba tun ranar farko za ku ɓata.