Kuros ko neman na guda ɗaya? Gardama ta kaure

Ɗan SS3: Salamu alaikum jama'a. Ni fa na tsaya a kan maganata, duk lissafin da aka ce kaza ya ba da kaza to kaza nawa zai bayar, kawai ka jera su ka ninka a gicciye, kuros ɗin nan, shikenan. Neman na guda ɗaya ɓata lokaci ne a jarrabawar WAEC. Mudu 4 na masara naira 6,000, mudu 7 nawa? 6,000 sau 7 a raba 4, 10,500

Mai awo: Wa alaikumus salam. Yaro amsarka ta yi amma mu a kasuwa wa ke da lokacin jera lamba, mudu ɗaya 1,500 ne, daga nan ko mudu 20 ka ce a auna ma na san kuɗina

Ɗan SS3: Ai Baba duk gida ɗaya za a je

Malamar lissafi: Wallahi ba kullum ba, kuma abin nan na damuna da yaranmu sosai. Gwada wannan. Lebura 6 sun nome gona a kwana 4, lebura 12 fa?

Ɗan SS3: 12 sau 4 a raba 6, kwana 8 Malama

Malamar lissafi: To ka ji, an ƙaro hannu amma aiki ya ƙara daɗewa? Da ka tambayi kanka mutum ɗaya kwana nawa zai yi, 6 sau 4, kwana 24, ka raba wa mutum 12 ya zama kwana 2. A masara kuɗi na hawa in mudu ya hau, a nan kuwa mutane na ƙaruwa kwanaki na raguwa, kuros bai san wannan ba, kai ne za ka sani

Ɗan poli: Malama a yi wa kuros adalci mana, jerin ne bai yi daidai ba, da ya juya ɓangare ɗaya 6 sau 4 a raba 12 zai samu 2 ɗin

Malamar lissafi: Gaskiya ne, amma ta ina zai san ya juya in bai tsaya ya yi tunanin mutum ɗaya ba? Tunanin nake so ya riga biro

Ɗan poli: Ni dai inda lambobi ba sa rabuwa cif, kamar lita 7 a 9,000, kuros ya fi sauri, ban janye ba

Ɗan SS3: Malama a turo wani irin na leburan in sake gwadawa